Taken Zelda da yadda ya riƙa sauya riga tun daga 1986

A ƙasar Hausa ba sai an yi wa mutum dogon bayani a kan abin da ake kira take ba. Ɗan dambe yana da takensa, mahauta suna da nasu, sarki yana da nasa, kuma wanda ya san take zai gane shi ko da kalangu aka kaɗa shi, ko da algaita aka busa, ko kuwa wani yaro ne ya biyo hanya yana fito da bakinsa. Wannan kalma ita ce na ga ta fi dacewa da wani gajeren kiɗa da Koji Kondo, ɗan ƙasar Japan, ya tsara wa wasan bidiyo mai suna The Legend of Zelda, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan ranar 21 ga Fabrairu, 1986. Kiɗan ba ya kai minti ɗaya kafin ya koma farko, amma kusan shekara arba'in ke nan ana ɗauko shi ana sake masa shiri a wasannin da suka biyo baya, wani lokaci a ƙara masa ƙarfi, wani lokaci a rage masa gudu har ya kusa tsayawa, wani lokaci kuma a ɓoye shi a cikin wani kiɗan dabam, sai mai kunnen basira ya tsinto shi.

Ni ban fara jin taken a wasan farko ba. Na fara jinsa ne a wata tsohuwar Game Boy, ƙaramar na'urar wasan bidiyo ta hannu, da wani yayana, ɗan wan mahaifina, ya bar mini lokacin da zai tafi makarantar kwana, da kaset ɗaya tak a cikinta, wato Link's Awakening na 1993. Na'urar tana cin batir huɗu, allonta kore-kore ne kuma ba shi da fitila, saboda haka a bakin zaure nake zama inda hasken rana yake shigowa, in kara kunnena kusa da 'yar lasifikar don kada hayaniyar titi ta danne ta. Wasan yana farawa ne da yaron nan Link, wanda guguwa ta farfasa masa jirgin ruwa, ya farfaɗo a wani gida a tsibirin Koholint, aka miƙa masa garkuwarsa, shi kuma ya nufi bakin teku neman takobinsa. Duk tsawon tafiyar nan wani kiɗa ne mai sanyi yake tashi, irin na mai tafiya yana waige-waige a garin da bai sani ba. Da ka isa inda takobin yake, mujiya ta sauko ta yi maganarta ta tashi, ka sa hannu ka ɗaga shi sama, sai kiɗan ya buɗe gaba ɗaya, gangar ta shigo, karin ya miƙe tsaye ya fara hawa. Na tuna na ji tsigar jikina ta tashi, alhali ban san sunan Kondo ba, ban kuma san cewa kiɗan ya girmi wasan da shekara bakwai ba. Sai bayan shekaru da yawa na lura cewa kiɗan nan mai sanyi na kafin a sami takobi ma daga jikin taken aka yanko shi, aka sassauta shi, wato tun daga ƙofar gida ake ta raɗa maka abin da za a faɗa maka da ƙarfi a bakin teku.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa wannan kari yake jure irin wannan juyi, ya kamata a dubi yadda aka gina shi. Ga wanda ya koyi do, re, mi a makaranta, farkonsa mai sauƙi ne: yana tsayawa a kan do, ya faɗa ƙasa zuwa so, sannan ya koma do ya hau matakala a guje, re, mi, fa, har ya dire a kan so na sama ya daɗe a wurin. Wannan shi ne sashen da kowa yake ganewa, sashen da yake kama da busar begilar sojoji. Amma hawa na biyu shi ne inda asirin yake, domin matakai biyu da yake takawa kafin ya kai do na sama an sauke kowannensu da rabin mataki, an aro su daga jerin sautin da kunne ya saba ji a kiɗan alhini. Saboda haka tun a jimla ta biyu jarumtar ta riga ta gauraya da wani abu mai kama da fargaba ko kewa, kuma daga nan karin yakan yi ta saukowa a hankali, ya bi ta wuraren da ba a zata ba, kafin ya dawo gida. A ƙarƙashinsa kuma akwai bugun ganga mai zuwa uku-uku, irin na fareti. Abubuwa uku ke nan da za a iya raba su: faɗuwa da hawan farko, matakan nan biyu masu duhu, da kuma gangar. Duk wanda ya zo sake tsara taken daga baya, abin da yake yi shi ne ya zaɓi wanda zai fito da shi gaba daga cikin ukun, ya tura sauran baya ko ya cire su.

Wannan tsari mai ƙashi da yawa da tsoka kaɗan ya samo asali ne daga ƙuncin na'urar da aka rubuta shi dominta. Famicom, wadda aka sayar a Amurka da Turai da sunan NES, tana da muryoyi uku ne kacal masu iya rera kari, biyu masu kaifi da ɗaya mai kauri da ake ba aikin ƙasa, sai murya ta huɗu mai shuu wadda ake yin ganga da ita, da wata ta biyar ta gajerun sautukan da aka naɗa. Ƙarar takobi da ta ɗaukar kuɗi da ta bugun abokin gaba duk daga cikin waɗannan muryoyin ake aro su, don haka a tsakiyar kiɗa wata murya takan ɓace na ɗan lokaci ta dawo. Mai tsara kiɗa a irin wannan hali ba shi da inda zai ɓuya, tilas karin ya iya tsayawa da ƙafafunsa ko da an janye masa rabin abin da ya jingina a kai, kuma tilas ya zama wanda mutum zai ji sau ɗaruruwa a zama ɗaya ba tare da ya gundure shi ba. A Japan wasan ya fito ne a kan faifai, ta wata na'ura da ake haɗawa da Famicom wadda ta ƙara murya ɗaya, shi ya sa kiɗan buɗe wasan a can yake da wani amo mai kama da ƙararrawa wanda aka rasa lokacin da aka mayar da wasan kaset a 1987.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nan shi ne, sake tsara taken na farko ya faru ne tun kafin wasan ya shiga kasuwa, kuma larura ce ta jawo shi. Masu wasan, Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka da Kondo, sun shirya buɗe shi da Boléro, sanannen kiɗan nan da Maurice Ravel na Faransa ya rubuta a 1928, saboda tafiyarsa ta dace da yadda rubutun labarin yake hawa a allo. Aiki ya kusa ƙarewa sai aka gano cewa haƙƙin mallakar kiɗan bai ƙare ba, domin Ravel ya rasu ne a Disamba 1937, dokar Japan ta wancan lokaci kuma tana kare aiki har shekara hamsin bayan mutuwar mai shi. Kondo ya ba da labarin cewa a dare ɗaya ya zauna ya ɗauki kiɗan da ya riga ya yi wa filin da ake yawo a cikinsa, ya rage masa gudu, ya yi masa doguwar shimfiɗa, ya mayar da shi kiɗan buɗewa. Ke nan tun a ranar farko taken ya fito da fuska biyu, ɗaya ta mai gudu a daji da takobi a hannu, ɗaya ta mai ba da labarin abin da ya wuce, kuma ina ganin duk abin da aka yi da shi a shekarun da suka biyo baya yana tsakanin waɗannan fuskoki biyu ne.

Wasa na biyu, na 1987, Akito Nakatsuka ne ya yi masa kiɗa, kuma ya bi hanyarsa da sabon kari. Taken ya dawo sosai ne a A Link to the Past, wanda ya fito a Nuwamba 1991 a kan Super Famicom, na'urar da take da muryoyi takwas kuma take amfani da sautukan da aka naɗo daga kayan kiɗa. A nan ne Kondo ya sami damar sa wa taken rigar da ake jin tun asali ita yake nufi, wato ƙahonin tagulla a gaba, kayan tsirkiya a baya, da ƙaramar gangar fareti tana karkaɗawa. Sai dai abin da ya ba shi nauyi a wannan wasa ya wuce kayan kiɗa, domin wurin da aka ajiye shi ya fi muhimmanci. Wasan yana farawa da dare ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kawun yaron ya ɗauki takobi ya fita ya ce masa kada ya bar gida, yaron ya bi shi, ya shiga fada ta wata ɓoyayyar hanya, ya fito da gimbiya Zelda daga kurkuku, suka bi ta magudanar ruwa mai duhu da ɓeraye har suka ɓulla a wani wurin ibada. Duk wannan lokacin ba a ji taken ba. Sai da ka buɗe ƙofa ka fito, ka tarar ruwa ya ɗauke gari ya waye, sannan ƙahonin suka tashi. A wasan 1986 da ka danna maɓalli ake ba ka taken kyauta, amma a 1991 sai ka yi masa aiki, kuma wannan dabara ta jinkirtawa ita ce Minako Hamano da Kozue Ishikawa suka ɗauka bayan shekara biyu a wasan da na fara da shi, inda suka ƙara wa karin sabon sashe na kansu, suka kuma sake juya shi ya zama kiɗan hawan duwatsun Tal Tal mai sauri da zafi.

Daga nan sai Kondo ya yi abin da ya ba mutane da yawa mamaki. A Ocarina of Time, wanda ya fito a Nuwamba 1998 a kan Nintendo 64, wasa na farko a jerin da aka yi da siffa mai zurfi inda ake iya juyawa a dubi ko'ina, babban filin masarautar Hyrule ba shi da taken. Wanda ya saba da wasannin baya zai fito daga daji, fili ya buɗe a gabansa, ya jira ƙahonin da ya sani, sai ya ji wani abu dabam. Dalilin yana da alaƙa da girman filin da tsawon lokacin da ake ɗauka ana ratsa shi. Kondo ya bayyana, a wani taron masu ƙera wasanni da aka yi a San Francisco a 2007, cewa ya yanka kiɗan filin ne gunduwa-gunduwa, gajerun sassa waɗanda na'urar take jerawa ba bisa tsari ɗaya ba, ta yadda ba za a ji abu guda yana maimaituwa ba. Idan ka tsaya cik sai a ɗauko sassa masu sanyi, idan abokin gaba ya matso sai a ɗauko masu tsanani, idan rana ta faɗi sai kiɗan ya ɗauke baki ɗaya a bar ka da kukan dare har zakara ya yi cara. Kari irin taken Zelda, wanda yake da farko da tsakiya da ƙarshe kuma kowa ya san abin da zai biyo bayan kowace gaɓa, ba zai yanku haka ba tare da an ji ciwon yankan ba. Abin da ya rage daga gare shi a filin shi ne ɗabi'arsa, wato gangar fareti da hawan matakala a guje wanda yakan leƙo nan da can kamar zai fara sai ya kauce. Na daɗe ina ganin wannan a matsayin rashi, amma yanzu ina ganin shi ne mataki mafi muhimmanci a rayuwar taken, domin a nan ne aka tabbatar cewa wasan Zelda zai iya tsayawa ba tare da shi ba, kuma daga ranar da ya daina zama dole sai kowace dawowarsa ta zama magana.

Ya dawo kuwa bayan shekara biyu, a Majora's Mask na 2000, a filin Termina, kusan da cikakkiyar siffarsa ta da. Wannan wasa ne da wata yake saukowa zai faɗo wa gari cikin kwana uku, mutane suna ta harkokinsu wasu sun yarda wasu sun ƙaryata, kuma duk inda ka tsaya a filin idan ka ɗaga kai za ka ga fuskar watan tana ƙara girma. Jin kiɗan nasara a ƙarƙashin wannan sama yana sa matakan nan biyu masu duhu su fito fili fiye da kowane lokaci, ba tare da an taɓa su ba.

Amma tsarin da nake komawa gare shi a kai a kai shi ne na gabatarwar The Wind Waker, wanda ya fito a Japan a Disamba 2002, wanda Kenta Nagata da Hajime Wakai da Toru Minegishi suka yi wa kiɗa tare da Kondo. Kafin a fara wasan ana nuna wasu zane-zane masu kama da na tsohon littafi, ana ba da labarin wata masarauta da mugu ya mamaye, sai wani yaro mai koren tufafi ya bayyana ya fatattake shi, ya tafi. Bayan zamani mai tsawo mugun ya dawo, mutane suka zuba ido suna jiran yaron ya sake zuwa, amma bai zo ba. Kiɗan da yake rakiyar wannan labari an yi shi ne da amon sarewa da kayan tsirkiya irin na zamanin da, a hankali, kuma taken yana shigowa a cikinsa a matsayin kiɗan jarumin da ake ba da labarinsa. Wanda yake riƙe da na'urar a wannan lokaci bai taka ko taki ɗaya ba tukuna, sauraro kawai yake yi, kuma idan ya taɓa yin wasan 1998 ya san cewa jarumin da aka jira bai zo ba shi ne wanda shi da kansa ya sarrafa shekara huɗu da suka wuce. Kamar dai a ji ana kaɗa taken wani ɗan dambe a fage bayan ya daɗe da barin duniya, makaɗan sun san ba zai fito ba, 'yan kallo ma sun sani, amma kowa ya yi tsit. A nan fuska ta biyu ta taken, wadda aka haifa a daren da aka rasa Boléro, ta rinjayi ta farko.

A 2011 aka yi bikin cikar jerin shekara ashirin da biyar, aka shirya manyan tarukan kiɗa a Tokyo da Los Angeles da Landan, inda cikakkiyar ƙungiyar makaɗa ta buga taken da goge da ƙahoni da tambura na gaske. Na saurari waɗannan tsare-tsare sau da yawa kuma suna da daɗi, amma a gaskiya su ne suka fi ƙarancin koya mini wani abu game da karin, domin abin da suka yi shi ne ƙara masa girma da ƙara, alhali girman yana cikinsa tun yana muryoyi uku. Aikin da ya fi burge ni a wannan shekara an yi shi ne a kan wani kari na dabam, wato kiɗan renon Zelda, wanda ya fara fitowa a 1991 kuma ya shahara a 1998. Babban kiɗan Skyward Sword, wasan da ya fito a ƙarshen 2011, shi ne wannan kiɗan renon idan aka karanta shi daga ƙarshe zuwa farko, kuma tun da labarin wasan shi ne mafarin duk sauran labaran, juya karin baya ya zama wata hanya ta cewa an koma asali. Bayan shekara biyu, a A Link Between Worlds, Ryo Nagamatsu ya dawo da taken filin 1991 da sabon shiri, ya kuma ajiye wasu makaɗa biyu a wani shagon shan madara a ƙauyen Kakariko, mai jita da mai sarewa, waɗanda idan ka biya su 'yan kuɗi kaɗan za su buga maka kiɗe-kiɗen wasan a saukake. Wannan ƙaramin abu yana nuna cewa kiɗan ya shiga cikin duniyar wasan, mutanen cikinta ma sun san shi.

Breath of the Wild, na 3 ga Maris, 2017, shi ne ya kai wannan tafiya inda ban taɓa zaton za a kai ta ba. Labarinsa na masarautar da ta rushe shekara ɗari da suka wuce ne, da jarumin da ya farka daga dogon barci bai tuna ko sunansa ba. Manaka Kataoka da Yasuaki Iwata da Hajime Wakai suka bar filin kusan babu kiɗa, sai iska da tsuntsaye da ƙarar takunka a kan ciyawa, sai kuma fiyano da yake yayyafa 'yan sautuka ya yi shiru na tsawon lokaci. Mutane da dama sun yi ƙorafin cewa wasan ba shi da kiɗa, ni ma a kwanakin farko na ji kewar ƙahonin. Na yi wasan ne a na'urar wani abokina, da dare bayan an tashi daga aiki, kuma a wani dare na hau doki na kama wata doguwar hanya ba tare da wata manufa ba. Idan kana sukuwa fiyano yakan fara wani kiɗa mai tsalle-tsalle kamar kofato, kuma yawanci kafin ya yi nisa ka riga ka sauka ko wani abu ya tare ka. A wannan daren babu abin da ya tare ni. Can sai na ji goge ya shigo a bayan fiyanon, yana jan sauti ɗaya ya daɗe, ya sauka ƙasa, ya koma ya fara hawa a hankali ƙwarai, har sai da ya kai mataki na huɗu ko na biyar sannan na gane abin da nake ji. Babu ganga, babu ƙaho, an cire fareti gaba ɗaya an bar faɗuwa da hawa da matakan nan masu duhu. Na saki linzami na bar dokin yana bin hanya da kansa don kada in yi wani motsi da zai katse shi. Daga baya na gane cewa idan da rana ne, kiɗan renon Zelda ne yake shigowa a wannan gurbi, taken kuwa an ajiye shi ga mai tafiyar dare wanda ya daɗe a kan sirdi.

Wannan tsari ya dace da labarin ta hanyar da ba a buƙatar a faɗa da baki. Jarumin ya manta ko shi wane ne, saboda haka takensa ma yana zuwa masa ne a guntattake, daga nesa, kamar abin da ake ƙoƙarin tunowa. Akwai wani maroƙi a wasan mai suna Kass, daga ƙabilar tsuntsaye, wanda yake yawo da akodiyan yana rera waƙoƙin da malaminsa ya bar masa, kuma sai ka warware duk kacici-kacicin da ke cikin waƙoƙinsa ya koma garinsu sannan zai rera maka ta ƙarshe, wadda a cikinta taken yake fitowa, domin ashe waƙar jarumin ce aka ba shi amana ya isar. Sai kuma fadar Hyrule, wurin da wasan yake ƙarewa, inda ganga da ƙahoni suke dawowa da dukkan nauyinsu, taken yana kokawa da karin Ganon, babban mugun labarin, a cikin kiɗa ɗaya. Mutum zai iya yin sa'o'i masu yawa kafin ya kai nan, kuma duk shirun da aka tara a baya shi ne yake biyan kuɗin wannan lokaci. Ina ganin da an shimfiɗa taken a filin tun daga farko kamar yadda masu ƙorafi suka so, da fadar ta zama wuri kamar kowane wuri.

A Tears of the Kingdom, wanda ya fito ranar 12 ga Mayu, 2023, an ƙara wani abu ƙarami wanda ba a sanar da kowa ba. Link ba ya magana a waɗannan wasanni, kusan ba a taɓa jin ya haɗa jimla da muryarsa ba, amma idan ya tsaya a gaban tukunya ya zuba nama da ganye da naman kaza, yakan yi ɗan gunguni da hanci yayin da abincin yake tafasa, kuma abin da yake rerawa guntayen tsofaffin kiɗe-kiɗen jerin ne, wani lokaci na dokinsa, wani lokaci na daji, wani lokaci na renon Zelda. Ranar da na fara lura da haka ina dafa wani abu ne kafin in hau dutse mai sanyi, ƙanena yana zaune kusa da ni yana kallo, shi da bai taɓa riƙe Game Boy ba kuma bai san komai game da tsibirin Koholint ba. Tukunyar tana ƙara, kayan miyan suna tsalle a ciki, sai muryar ta tsaya a kan do, ta faɗa ƙasa, ta hau matakalar nan biyar ba tare da ko kayan kiɗa ɗaya a bayanta ba, daƙiƙa uku ko huɗu, sannan abincin ya nuna. Ƙanena ya tambaye ni abin da ya sa na ajiye na'urar, sai na ce masa ya matso da kunnensa, na sake ɗebo nama na zuba a tukunyar, muka yi ta dafawa har sai da ya sake rera shi.